Kaset ɗin da ya maƙale a motar wana

Shekarun baya, lokacin da sanƙon nan nawa bai gama cinye gaban goshi ba, na yi wata doguwar rigima da mutanen da ba su ma san ina duniya ba. Kwanan nan wani a nan ya tambaye ni abin da ya sa nake tashi daga wuri idan aka sa wasu waƙoƙi, na ce masa zan ba da labari. To ga shi, sai ku yi haƙuri da ni, don ban iya gajarta zance ba.

A Jalingo an taɓa yin wata ƙungiyar makaɗa. Ba zan kama sunanta ba, waɗanda suka yi ƙuruciya a garin a wancan zamanin sun riga sun gane. Samari ne, akwai Mumuye, akwai Jukun, har da wani Bafillace, suna waƙa da Hausa, amma kiɗan irin wanda Turawa ke kira rok ne: jita mai lantarki da ke gurnani, da ganguna masu faranti da ake duka kamar sun yi laifi. Kaset ɗaya tak suka fitar suka watse, wasu suka yi Jos, wasu Legas. Ni ban taɓa ganinsu suna wasa ba, domin a otal suke yi, kuma ɗan gidanmu da aka gani a ƙofar otal sai dai ya nemi wani gidan ya kwana.

A motar wana na san su. Wana direba ne, yana ɗaukar fasinja daga Jalingo zuwa Lau a wata tsohuwar mota, ranar kasuwar Iware kuma ya juya can. Ranar da ya sayi kaset ɗin ya tura shi cikin rediyon motar, kaset ya shige, bai ƙara fitowa ba. An danna, an zungura da cokali, an bubbuga, ya ce shi kam ya samu gida. Rediyon kuma irin mai juya kaset da kansa ne, in ya kai ƙarshe ya koma farko. Don haka motar nan ba ta da wata waƙa a duniya sai wannan. A tasha har laƙabi aka sa masa, mai kaset ɗaya. Fasinja su yi ta ƙorafi, shi kuma ya ƙara murya, yana dukan sitiyari, yana cewa wanda ba zai iya ji ba ya sauka ya hau jaki.

Ina sakandare a lokacin, kuma duk hutu a kujerar gaba nake yinsa. Ban san yadda zan kwatanta muku kiɗan nan ba. Nauyi gare shi. Ba ya gaggawa. Muryar mawaƙin mai kauri ce, tana fitowa daga can ƙasa kamar mai magana a cikin rijiya, jitar kuma tana jan ƙafa, sai ka ji ta a haƙarƙari kafin ta iso kunne. In muka miƙe hanyar Lau, gonaki dama da hagu, wana yana bin waƙar da muryarsa da ba ta da daɗi ko kaɗan, sai in ji duniyar nan babu abin da zai gagare mu.

Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, ba ta ƙaunar kiɗan nan ko miskala zarratin. Gidanmu a unguwar Barade yake, kuma wana ba ya rage murya sai ya kashe mota a ƙofar gida. Tun daga kwanar layinmu ake jiyo shi. Kullum da yamma sai ta ja tsaki ta ce, "Ga mai tara mana shaiɗanu nan ya iso," sannan ta tashi ta je duba masa tuwo.

Ciwo na 'yan kwanaki ne ya ɗauke wana. Ya bar matarsa da goyo, 'ya mace, ko zama ba ta fara ba. Aka sa motar a kasuwa, amma kafin mai saye ya zo na ɗauki sukudireba na kwance rediyon, da kaset ɗinsa a ciki. Matar ta yi wani aure daga baya, yarinyar ta zauna a hannuna. Ni kuma na zama tela, na kama shago a kasuwa, na haɗa rediyon da wani tsohon batirin mota a ƙarƙashin teburin yanka. Ban taɓa kai shi gida ba, saboda Dada. Na ce abin da ta tsana yana da rai, ba zan kai mata shi bayan ya mutu ba. A shagon ma ba kullum nake kunnawa ba, sai ranar da zuciya ta yi nauyi, don ina tsoron zaren kaset ɗin ya tsinke.

Akwai ranar da na ga irin kaset ɗin a wurin wani mai sayar da tsofaffin kaya. Na yi murna, na ce na samu na ajiya. Ya sa mini a rediyonsa, sai na ji waƙar tana gudu, muryar siririya, kamar an sa yaro ya kwaikwayi babansa. Na ce masa, "Malam, ka ji tsoron Allah, wannan jabu ne." Ya rantse, na rantse, mutane suka taru. Na tafi ina jin kaina masani, wanda ba a yi wa wayo a kan kiɗa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

'Yar wana ta taso tana zuwa shagon bayan makaranta. Ranar da na fara kunna mata, ina kallon fuskarta ina jiran in ga wani abu, sai ta ce, "Bappa, saniya ce take naƙuda?" Na yi dariyar yaƙe. Na ce mata, "Wannan kiɗan babanki ne. Ranar aurenki, in Allah ya kai mu, da shi za a raka ki." Ita wasa ta ɗauka, ni kuwa har zuciyata nake nufi. Wana bai bar gona ba, bai bar gida ba, hotonsa ma guda ɗaya ne, shi ma ruwa ya taɓa shi. Abin da nake da shi na miƙa wa yarinyar nan daga mahaifinta shi ne wannan ƙarar, ba ni da wani.

Ana nan, shekaru suka tura, sai wata rana abokina mai sayar da zare da maɓalli a shagon kusa da ni ya faɗo yana haki. "Mutanenka sun dawo! Uku daga cikinsu sun dawo gari, sun buɗe situdiyo, har sun fitar da sababbin waƙoƙi. Ga su a wayata."

Na tsayar da keken ɗinki. Wallahi har fuska na wanke. Na jawo benci na zauna na natsu, na ce masa bisimilla.

Abin da ya fito daga wayar nan, har yau ban yafe ba. Wani ƙyas-ƙyas ne na kwamfuta, da tafi na ƙarya, da murya da aka bi da ita ta cikin na'ura har ta koma kamar ta sauro mai mura. Na ce masa ya yi kuskure, ya duba da kyau. Ya duba, ya nuna mini hotonsu. Na ce a sa ta gaba. Ta gaba ma haka. Na saurare su duka, ɗaya bayan ɗaya, ina neman jita kamar mai neman allura a cikin ƙyallaye. Babu. Sun ajiye ta gaba ɗaya.

Daga ranar zama ya gagare ni. In hau keken ɗinki, in sauka, in leƙa waje, in dawo. Na ɗinke wa wani alhaji hannun kaftani ruf, sai da ya zo gwadawa ya rasa inda zai fitar da hannu. Ga shi kuma waƙoƙin sun kama gari. Wurin mai shayi su ne, shagon aski su ne, in na hau keke mai ƙafa uku su ne, har na sha sauka tun ban kai inda za ni ba in ƙarasa da ƙafa cikin rana. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya sha wa'azi kafin in gwada shi. Na ce sun ci amana, na ce sun sayar da mutuncinsu, na ce da wana yana da rai da baƙin ciki ya kashe shi. Mutanen da nake wa wannan bayani yawancinsu ba a haife su ba lokacin da aka yi kaset ɗin.

Abokina ya gaji ya ce, "Kai fa wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba."

Na ce, "Tsohuwar zuma da ita ake magani."

Ya ce, "To je ka sha, ka bar mu mu yi ciniki."

A cikin wannan hali ne aka sa ranar auren 'yar wana. Yaron kirki ta samu, ba ni da ta cewa a kansa. Ni ne waliyyi, ni ne kuma mai ɗinkin anko, don haka kaina ya riga ya yi zafi. Wata yamma ta zo shagon duba ɗinkinta, ta zauna a kan benci tana wasa da tef ɗin awo, na san akwai magana.

"Bappa, ni da ƙawayena mun yi shawara. Waɗannan makaɗan muke so su yi mana wasa ranar liyafa."

Na ce, "Waɗanne?"

Ta faɗi sunansu. Na ajiye almakashi.

"Ba a gidanmu ba."

"Bappa, ba kai ka ce su za su raka ni ba? Tun ina yarinya kake faɗa."

"Waɗancan na ce, ba waɗannan ba."

"Ai su ne."

"Ba su ba ne! Sunan ne kawai ya rage."

Ta sunkuyar da kai. Na ci gaba da surutu, na kawo tarihi, na kawo hanyar Lau, na kawo babanta. A nan ne ta ɗago kai. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Kullum kana cewa babana, babana. Ni ban san shi ba, Bappa. Abin da na sani shi ne wannan ƙarar da kake rufe ido kana ji. Na yi ƙoƙari in ji abin da kake ji, wallahi na yi. Ba na jin komai a ciki. Waɗannan sababbin kuwa ina son su, kuma da na ji su ne mutanen babana sai na yi murna, na ce yau dai ga abu ɗaya da ni da shi muka haɗu a kai. Shi ma ka ce ba shi ba ne."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Maganar nan ta soke ni. Na ga yarinya za ta bar gidanmu ta tafi gidan wani, kuma abu ɗayan da na yi shekaru ina ajiye mata bai isa hannunta ba. Amma maimakon in yi tunani irin na masu hankali, sai na yanke shawara irin tawa: laifin makaɗan ne. In ta ji su suna kaɗa na gaskiya, da jita, a gabanta, dole ta ji. Don haka zan je in tuna musu ko su wane ne.

Washegari na kwance rediyon, na rungumi batirin, na tare keke. Direban ya dubi kayan ya ce ko wurin mai gyara za ni, na ce masa wurin masu ɓatawa za ni.

Situdiyon wani ɗaki ne a bayan wani shagon kayan gini, an manna katifu a bango. Na shiga ina tsammanin ganin ƙaton mutum mai faɗin ƙirji, mai muryar rijiya. Sai ga wani ɗan gajeren dattijo da furfura da tabarau a kan hanci, sanye da silifa, yana cin gyaɗa. Shi ne mawaƙin. Yana magana ƙasa-ƙasa, murya a dushe, na ɗauka mura yake yi.

"Oga tela, ka ajiye wannan batir kafin ya karya maka baya. Ka zauna mana."

Ban zauna ba. A tsaye na zazzage masa duk abin da na tara. Na ba shi labarin wana, da motar, da kaset ɗin da ya ƙi fita, da yarinyar da za a aurar. Na ce masa zan ɗauke su wasa, amma da sharaɗi: su ajiye wannan kwamfutar, su yi abin da suka iya tun asali. "In kun manta, ga shi na kawo muku ku ji." Na haɗa waya da batir, na danna.

Kiɗan ya cika ɗakin. Na rufe ido kamar yadda na saba. Da na buɗe sai na ga mutumin ya daina taunar gyaɗa, ya karkata kai, ya haɗa gira. Ya kira ɗan'uwansa mai ganguna daga waje. Suka tsaya suna kallon rediyon, suna kallon juna. Sai mai gangunan ya toshe baki ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

Mawaƙin ya ce, "Oga, waƙa namu ne. Amma wannan murya, ni ban san shi ba."

Na ce, "Kamar yaya ba ka san shi ba?"

"Ni ban taɓa yi murya kaman bijimi ba. Tsaya ka ji."

Ya lalubo wayarsa ya kunna waƙar, ainihin wadda suka ɗauka a wancan zamanin. Tana gudu, muryar siririya, ta saurayi mai jin ƙarfi. Ita ce dai wadda na ji a wurin mai tsofaffin kaya, wadda na tara wa bawan Allah jama'a a kanta.

"Roba na cikin rediyo ya saki tun da daɗewa," in ji shi. "Yana jan kaset kaman tsoho yana hawa dutse. Ga rana na mota kuma ya miƙar da zare. Abin da kake ji shekara da shekaru, mu ba mu taɓa kaɗa shi ba."

A nan ne na zauna, ba tare da an sake ce mini in zauna ba. Wato ƙungiyar da na yi rabin rayuwata ina so, wadda na yi faɗa da rabin kasuwa a kanta, ba a taɓa yin ta ba. A cikin rediyon wana kaɗai take. Na yi ƙoƙarin in tsira da ɗan mutunci, na ce to ko ma yaya ne, tsohon ya fi sabon, me ya sa suka ajiye jita?

Ya cire tabarau ya dube ni. "Oga tela, kai har yanzu kana ɗinka wando mai faɗin ƙafa irin na zamanin can? Kana so mu maƙale wuri ɗaya kaman kaset naka?"

Na ce masa su zo su yi wa yarinya abin da take so, shi ke nan. Na miƙe zan kwance kayana sai ya dafa rediyon ya ce, "Bar mini shi nan tukuna." Kaina ba ya tare da ni, na ce to, na fita.

Sai da na kai shago, na zauna, na kai ƙafa inda batirin yake na ji wayam, sannan hankalina ya dawo. Me zai yi da shi? Gyarawa zai yi! Mutumin kirki ne, ya ga abu ya lalace, zai sa a canza robar ya ba ni a matsayin alheri. In kuwa aka canza ta, shi ke nan, muryar nan ta tafi, babu inda za a sake samunta a duniya. Na bar shago a buɗe na koma a guje. Na tarar da kwaɗo a ƙofa. Mai kayan gini ya ce yanzun nan suka loda kaya suka tafi Lau, suna da wasa, sai sun kwana biyu. Na kira wayarsa, ba ta shiga. Na sake kira, ba ta shiga.

Kwanakin da suka rage kafin bikin, Allah kaɗai ya san yadda na yi su. In fara ɗinki in tsinci kaina a ƙofar situdiyon ina kallon kwaɗo. Har tasha na je zan hau motar Lau, abokina ya biyo ni ya jawo ni, ya ce anko na mutane ba zai ɗinka kansa ba. Na faɗa wa 'yar wana cewa makaɗanta za su zo, ta yi godiya da ladabi, irin godiyar da ake yi wa baƙo. Ban gaya mata sauran ba. Da wane baki zan ce mata kiɗan babanta ma kuskuren roba ne?

Ranar liyafa aka kafa rumfuna a ƙofar gida bayan la'asar. Makaɗan suka iso a makare, na tare mawaƙin tun bai sauke kaya ba, na ce ina rediyona. Ya ce, "Bayan wasa, oga," ya wuce. Suka fara ƙyas-ƙyas ɗinsu, 'yan mata suka cika fili, amarya tana tsakiya tana dariya. Ni kuwa na kasa tsayawa wuri ɗaya. In gyara kujerar da ba ta karkace ba, in ɗauki kiret ɗin lemo daga nan in kai can, in dawo da shi.

Rana ta yi sanyi, inuwa ta miƙe, daidai lokacin da direbobi ke komawa gida. Sai na ji kiɗa ya tsaya. Na waiwaya da kiret a hannu. Mawaƙin ya sa an kashe na'urar muryar. Ya buɗe wata tsohuwar jaka ya fito da jita, yana sassauta mata tsirkiya ɗaya bayan ɗaya. Ya matso da bakinsa ga lasifika ya ce, "Wannan da za mu yi yanzu ba namu ba ne. Na baban amarya ne. Mu ma aro muka yi."

Jitar ta yi gurnani, a hankali, tana jan ƙafa. Mai ganguna ya bi ta ba gaggawa. Sannan dattijon nan ya buɗe baki, ba na'ura, ba komai, sai ga muryar rijiyar nan ta fito daga ƙirjinsa. Ita ce, ba kama ba.

'Yan rawa suka tsaya cirko-cirko, don ba a san yadda za a taka wannan ba. Wata ta yi dariya. Amarya ta dube ni, irin kallon nan na "Bappa, ka sake." Na ce a raina shi ke nan, na ɓata mata biki a banza.

Sai na ga matan da ke ƙofar zaure suna darewa. Dada ce ta fito, tana dogara sanda. Ta daɗe rabonta da ƙofar gida saboda gwiwa da ido, ko ɗaurin auren ma daga ɗaki ta sa albarka. Ba ta dubi makaɗan ba, ba ta dubi jama'a ba. Kwanar layinmu ta zuba wa ido.

"O warti," ta ce da Fillanci, wato ya dawo.

Na ɗauka ta rikice. Na ajiye kiret na je na riƙe ta, na ce, "Dada, makaɗa ne, ba..."

"Na sani, ban haukace ba. Matsa, ka tare mini hanya. Ina yarinyar?"

Aka kawo amarya. Dada ta kama wuyan hannunta ta juya ta wajen kwanar.

"Kin ji? Haka babanki yake dawowa. Daga can ake fara jin sa. In ya zo daidai gidan mai niƙa sai ya danna hon, don ya san na tsani abin. Ya zo nan ya taka birki kamar zai shiga zaure da motar, ya buga ƙofa, ya shigo yana cewa Dada yunwa, ko sallama bai gama ba. Kullum sai na zage shi a kan kiɗan nan." Ta gyara riƙon sandarta. "Tun da ya daina zuwa, ban ƙara sanin yamma ta yi ba sai an kira salla."

Hawaye suka zubo wa yarinyar. Kwalliyar da aka ɓata rabin yini ana yi mata ta fara gangarowa. Amma ba ƙasa take kallo ba, kwanar take kallo, kamar mai jiran ta ga hancin mota. Muka tsaya mu uku a ƙofar gida muna kallon wurin da babu komai sai wata akuya da tulin yashi, har waƙar ta ƙare.

Da aka watse mawaƙin ya kawo mini rediyon naɗe a cikin tawul. Ya ce, "Ko sukuru ɗaya ban taɓa ba. A Lau muka yi ta jin shi muna koyo." Na tambaye shi muryar fa, ina ya samo ta? Ya yi dariya ya ce, "Lokacin da muka yi wannan waƙa, ko za a yanka ni ba zan iya sauka can ba. Yanzu tsufa ya kai ni, shi ne nake ɓoye shi da na'ura. Rediyo naka ne kawai ya riga ni tsufa."

Kada ku ɗauka na tuba. Har gobe sababbin waƙoƙinsu ba sa yi mini daɗi, in aka sa su tashi nake, kuma na faɗa masa haka a gabansa, ya ce ba don ni suka yi ba. Abin da na daina shi ne cewa sun ci amana, don ba su taɓa ɗaukar mini alkawarin komai ba. Na kuma gane cewa ni na yi shekaru ina tura wa yarinya ƙara a kunne, alhali wadda ta san abin da ƙarar take nufi tana zaune a gida, na ɓoye mata don ina ganin tausayinta nake ji.

Ƙawayen amarya sun ɗauki wasan a waya. Daga baya, duk ranar da 'yar wana za ta zo ganin gida, tun daga kwana take kunna shi ta ƙure murya, kuma har Allah ya ɗauki ran Dada ba ta fasa jan tsaki ta ce a duba wa yarinya tuwo ba.

Rediyon yana nan a ƙarƙashin teburin yanka. Zaren ya tsinke a wata damina, ban kai shi gyara ba. Wani lokaci da yamma in ina rufe shago nakan ji waƙar a kaina, a hankali, yadda motar wana take kaɗa ta. Nakan bi ta har ƙarshe, sannan in tsaya da kwaɗo a hannu ina sauraro. Na daɗe ina tsammanin jitar nake so. Ashe ƙarar birki nake jira, da bugun ƙofar mota.